Fitar dare a babban birni: ka san hanyar komawa kafin ka sayi tikiti

Ƙarfe ɗaya saura kwata na dare ina tsaye a bakin wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani ma'aikaci yana jan ƙofar ƙarfe yana rufewa. Na ɗaga masa tikitina, shi kuma ya nuna min agogon hannunsa, bai ce uffan ba. Cajin wayata saura ƙiris ya ƙare, masaukina yana can ɗaya ƙarshen birnin, sunan titin ma ban riƙe ba, a cikin wayar yake. Abin da mai tasi ya karɓa a hannuna a daren ya ɗara kuɗin tikitin wasan kwaikwayon da na je kallo. Wasan ya yi kyau ƙwarai, amma yau in aka tuna min da daren, ƙofar nan ta ƙarfe ce ke fara faɗo min a rai.

Tun daga ranar, daga ƙarshe nake soma shirin fita. Kafin in duba wane wasa ake yi ko ina ake kiɗa, sai na san ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke tashi daga unguwar da zan je, da abin da zan hau in ya wuce ni. Kowane birni da lokacin kwanciyarsa. A New York jirgin ba ya tsayawa dare da rana, sai dai in dare ya tsala za ka daɗe kana jira. A Landan, tun 2016 wasu layuka ke kwana suna aiki, amma daren Juma'a da na Asabar kaɗai. Sauran ranaku, da sha biyu ta gota sai a soma rufewa. A Paris jirgi yana tsayawa wajen ɗaya da kwata, daren Juma'a da Asabar kuma wajen biyu da kwata, kuma ka lura, wannan lokacin isarsa tashar ƙarshe ne, ke nan ya wuce tsakiyar gari tun kafin nan. Tokyo, duk girmanta, jiragenta na tsayawa tsakanin sha biyu da ɗaya, ba sa dawowa sai wajen biyar na asuba, shi ya sa za ka ga mutane da kwat da jaka suna sheƙa gudu zuwa tasha da tsakar dare. Berlin kuwa a ƙarshen mako jirgi na kwana yana yawo.

In jirgi ya wuce ka, akwai bas ɗin dare a yawancin manyan birane. Ka nemi lambarsa da inda yake tsayawa tun da rana, domin sau da yawa lambarsa da hanyarsa ba irin na bas ɗin rana ba ne. Tasi kuma tana da dokarta. A Landan baƙar tasin nan mai fitila a ka ita kaɗai aka yarda ka tsayar a titi. Sauran motocin haya sai an kira su ta ofis ko ta manhaja. Duk motar da ta tsaya gabanka da kanta, direba ya leƙo yana tambayar ina za ka, ka bar ta ta wuce, a kowane birni kake. Sannan ka karɓi katin otal ɗinka a wurin masu karɓar baƙi, wanda ke ɗauke da suna da adireshi da rubutun ƙasar, ka sa a aljihun da ba na waya ba.

Abu na biyu, dare ɗaya abu ɗaya. Baƙo yakan so ya haɗa wasa da cin abinci a wata unguwa da kiɗa a wata, sai ya ƙare daren a cikin mota yana kallon jan danja. Ka zaɓi abu guda mai lokaci, wato mai tikiti, sauran kuma su kasance inda ƙafa za ta kai ka cikin minti goma. Manyan birane sun sauƙaƙa wannan, don gidajen wasa sukan taru wuri ɗaya. A Landan unguwar West End ce, kewayen Leicester Square da Covent Garden da titin Shaftesbury, inda gidajen wasa kusan arba'in suke jere. A New York kewayen Times Square ne. Wani abin da baƙi ba su cika sani ba: kalmar Broadway a harkar wasa ba sunan titi kawai ba ce, ma'auni ne. Gidan da ke da kujeru 500 ko fiye a wannan yankin shi ake kira na Broadway, kuma 41 ne. Mai kujeru 100 zuwa 499 shi ne Off-Broadway. Ƙanƙantar gida ba ta nufin ƙanƙantar wasa. Wasan da ya fi taɓa ni a rayuwata a wani ɗan ɗaki na kalle shi, inda gwiwata ke kusan taɓa dandamali, ina jin numfashin ɗan wasan.

Wajen zaɓen wasa, ka yi wa kanka gaskiya game da harshe. In yaren ƙasar bai zauna maka ba, kada ka sayi tikitin wasan da magana ce zalla, mutum uku a ɗaki suna musayar zance awa biyu. Za ka yi gyangyaɗi, kuma da kuɗinka. Ka nemi mai waƙa da rawa, ko na rawa zalla, ko na 'yan tsalle-tsalle da dabo. Gidajen opera, wato wasan da ake rera labarinsa da waƙa, da yawa suna haska fassarar waƙar a allo sama da dandamali, wasu a ɗan gilashi gaban kujerarka. Ni dabarata ita ce in karanta taƙaitaccen labarin wasan tun a masauki. Wasu na cewa hakan na kashe daɗin, ni ban yarda ba: in ka san inda labari ya dosa, sai idonka ya sami sararin kallon yadda ake yin sa.

Tikiti kuma, wurin da ya fi aminci shi ne tagar gidan wasan kanta, ko shafinsu na intanet. Ka kula, in ka rubuta sunan wasa a Google, shafukan da ke fara fitowa galibi na 'yan kamasho ne da suka biya kuɗin talla, suna sayar da tikiti iri ɗaya da ƙari mai kauri. Ka gangara ƙasa ka nemi na gidan. In kuma kana da sauƙin kai, ba ka kafe sai wasa kaza ba, akwai rumfunan da ke sayar da ragowar tikitin ranar da rangwame. Rumfar TKTS da ke Times Square tun 1973 take wannan aiki, a ƙarƙashin jajayen matakalan nan da ake yawan ɗaukar hoto a kai. Ta Leicester Square kuma tun 1980. A Landan ka tabbata rumfar da ke cikin filin kanta ka je, don shagunan da ke kewaye da yawa sun rubuta rabin kuɗi da manyan baƙaƙe, amma ba ita ba ce. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa yana raɗa maka cewa yana da tikiti biyu, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa.

Akwai wata hanyar ga mai ƙarfin ƙafa. Gidan Globe da ke bakin kogin Thames a Landan, wanda aka buɗe a 1997 a kan fasalin tsohon Globe na 1599, yana sayar da tikitin tsayuwa ɗaruruwa a filin da ke gaban dandamali. Ba rufi, in ruwa ya sauko a kanka zai ƙare, kuma ba a yarda da lema ba don kada ka tare wa na baya. Gidan opera na Vienna ma yana da wurin tsayuwa, kuma a da masu zuwa kullum suna da al'adar ɗaura gyale a jikin ƙarfen jingina don kama wuri.  A Kabuki-za, gidan wasan gargajiyar Japan da ake kira kabuki, da ke Ginza a Tokyo, kana iya sayen tikitin kashi ɗaya kacal na wasan, can saman bene. Wannan ya dace da baƙo sosai, domin cikakken wasan kabuki yakan ɗauki sa'o'i.

Yanzu maganar kujera, wadda na fi kowa shan wahalarta. Tsofaffin gidajen wasa an gina su ne fiye da shekara ɗari da suka wuce, da ginshiƙai a tsakiyar zaure da benaye hawa-hawa. Na taɓa ganin tikiti mai araha a wani gida, na yi murna na saya, ban karanta 'yan ƙananan rubutun da ke gefe ba. Da na zauna sai ga ginshiƙi a gabana, kaurinsa kamar na kuka. Duk wanda ya tsaya a hagun dandamali muryarsa kawai nake ji. Na yi ta leƙe ta dama, in dawo ta hagu, har dattijuwar da ke bayana ta taɓa min kafaɗa. Araha ba ta ado. In an rubuta cewa kujera ba ta ganin dandamali duka, to da gaske suke. A ganina wurin da ya fi shi ne layukan gaba na bene na farko, a tsakiya: kana ganin fuska, kana kuma ganin tsarin rawar daga sama. Layin farko na ƙasa yana sa ciwon wuya. Can ƙololuwar bene kuma ya yi tsayi, ya yi gangare, gwiwarka tana dukan bayan kujerar gaba. Dogon mutum ya nemi kujerar bakin hanya. Akwai shafukan intanet da 'yan kallo ke sa hoton da suka ɗauka daga kujerarsu, minti biyu sun isa ka duba.

Lokaci ba wasa a gidan wasa. A Landan wasan dare yakan fara bakwai da rabi, na rana biyu da rabi. A Broadway yawanci sau takwas ake wasa a mako, kuma gidaje da yawa ba sa buɗewa ran Litinin, don haka kada ka ware Litinin wa wasa ba tare da ka duba ba. Ka isa da rabin awa a hannu, saboda binciken jaka da layin banɗaki da neman kujera. In labule ya buɗe kana waje, ba za su bar ka ka shiga ba sai an sami wata 'yar tsayawa, wani lokacin sai hutun tsakiya, kana tsaye a falo kana kallon abin da ka biya a ƙaramin talabijin. Hutun minti goma sha biyar ne zuwa ashirin. In za ka banɗaki, tashi da zarar fitila ta kama, musamman mata, don layinsu ya fi tsawo. Waya kuma a kashe ta gaba ɗaya. A cikin duhun zaure, hasken waya ɗaya ana hango shi daga dandamali, kuma ɗaukar hoto haramun ne a kusan ko'ina. Sutura ba ta da tsanani kamar yadda ake zato, kaya masu tsabta sun wadatar a yawancin wurare. Amma akwai masu doka: gidan opera na Alƙahira, wanda aka buɗe a 1988 a tsibirin Gezira bayan tsohon ya ƙone a 1971, an san babban zaurensa da neman kwat da taye ga maza.

Wajen ƙarfe goma za a sako ku titi, kai da mutum dubu, kowa na neman abin sha ko abin ci. A nan mashaya ke shigowa. Ni ba na shan barasa, kuma na daɗe ina ɗauka ba ni da abin yi a can, har aiki ya sa abokan tafiya suka riƙa ja na. Ashe a birane da yawa mashaya ita ce zauren hira, rabin mutanen da ke ciki zance ya kawo su. Ba wanda zai kalle ka don ka ce a ba ka lemo ko ruwan soda da lemun tsami, kuma yanzu yawancin wurare suna da jerin haɗe-haɗe marasa barasa. Ka dai faɗa a fili cewa maras barasa kake so, ka kuma sa ido lokacin da ake haɗawa. In wurin bai kwanta maka ba sam, gidajen kofi da na shayi masu kai dare suna nan, ba dole.

Abin da ke ba baƙo kunya shi ne rashin sanin tsarin wuri. A mashayar Ingila ba mai zuwa teburinka. Na ga wasu baƙi sun zauna kusan minti ashirin suna ɗaga hannu, ma'aikata na wucewa abinsu. Kai za ka je kanta, ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take, ka ɗauko da hannunka. Ba a yin layi a fili, amma mai zubawa ya san wanda ya riga wani, kada ka yi masa fito ko ka kaɗa kuɗi. Da yawa suna kaɗa ƙararrawa kafin sha ɗaya, alamar wanda zai ƙara ya ƙara za a rufe. A Amurka kuma tukwici ba alfarma ba ce, da shi ma'aikacin ke rayuwa, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ake bari. Kuma in ka ba da katinka aka buɗe maka lissafi, kada ka fita ba ka rufe shi ka karɓi katin ba. A Japan akasin haka ne: ba a ba da tukwici, amma a ƙananan mashaya za a ajiye maka ɗan abin taɓawa da ba ka ce a kawo ba, ya fito a lissafi. Ba cuta ba ce, kuɗin zama ne. Shekarun da doka ta yarda a sayi barasa ma sun bambanta: 18 a Birtaniya, 20 a Japan, 21 a Amurka tun dokar 1984. A Amurka mai tsaron ƙofa yana iya neman shaida ko da furfura a gemunka, ko da lemo za ka sha, kuma hoton fasfo a waya ba ya wadatar da shi.

Cutar gaske tana da kama ɗaya a ko'ina. Wani zai tare ka a titi da fara'a, ya tambayi daga ina kake, ya ce ai yana da aboki ɗan ƙasarku, ya ce ya san wani wuri mai kyau nan kusa. Ko kuma wata ce za ta tsaya a bakin ƙofa tana yafito ka. Za a gangara da kai ƙarƙashin ƙasa, ba takardar farashi, a kawo kwalabe, wasu su zo su zauna tare da ku. In ka tashi tafiya sai a kawo lissafin da ya kai kuɗin otal ɗinka na mako, ga ƙarti biyu sun tsaya a ƙofa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wurin kirki ba ya aika mutum titi ya jawo maka hannu. Kai za ka zaɓi inda za ka shiga, ka ga farashi a rubuce kafin ka ce a kawo, ka biya kowane zagaye nan take. Kofinka kuma kada ka bar shi a tebur ka dawo ka sha, ko lemo ne, mace ko namiji. In ka bar shi, ya zama na tebur. A Birtaniya akwai wani tsari da aka fara a 2016: wanda ya ji bai aminta da abokin zamansa ba sai ya je kanta ya tambayi Angela, ma'aikatan da aka horar sun san ma'anar, za su fitar da shi cikin sirri. Lambar gaggawa kuwa 112 ce a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka.

In ni za a bi, bayan wasa ko a madadinsa, ƙaramin gidan kiɗa ya fi komai. Village Vanguard a New York, wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa da ke aiki tun 1935. Ronnie Scott's a Soho ta Landan tun 1959. Irin waɗannan gidajen jaz sukan yi zama biyu a dare, na biyun ya fi sauƙin samun wuri kuma makaɗan sun riga sun ɗumama. Ana kama wuri tun da wuri, wasu kuma suna da ƙa'idar sai ka sayi abin sha aƙalla ɗaya. Ba a hira in ana kiɗa. Gidan barkwanci kuma sai mai jin harshe sosai, kuma kada ka zauna layin gaba in ba ka son a mai da kai abin dariyar daren. Baƙo mai wata irin hula shi suke nema.

Gidan rawa ba fagena ba ne, kaɗan zan faɗa. Baƙi suna zuwa da wuri su tarar da fili wayam. A Madrid ba a cika ba sai bayan biyu na dare. Berlin ba ta da dokar lokacin rufewa tun 1949, akwai gidajen da ake shiga daren Asabar a fito Litinin, wasu kuma suna manna takarda a kan kyamarar wayarka a ƙofa. Mai tsaron ƙofa yana iya mai da kai ba tare da dalili ba, kuma gardama ba ta taɓa buɗe ƙofar. Gungun maza zalla su aka fi korowa. Ka tafi da abin toshe kunne. Ƙarar irin waɗannan wurare takan kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, wadda bai kamata kunne ya wuce kwata na awa a cikinta ba a yini. Ƙugin da kake ji a kunne washegari alamar ɓarna ce.

Wani daren kuma ba ka son ko ɗaya cikin waɗannan. Gidajen tarihi da yawa suna da ranar da suke kai dare. British Museum a Landan yana buɗe har takwas da rabi ran Juma'a, lokacin ɗaliban makaranta sun watse. Akwai kasuwannin dare irin Shilin a Taipei, da filin Jemaa el-Fna a Marrakesh, inda makaɗa da masu ba da labari ke kafa da'ira bayan faɗuwar rana. In ka tsaya ka kalla ko ka ɗauki hoto, ka sa wani abu a kwano. Duk inda cunkoso yake 'yan sane suna nan, walat ta koma aljihun gaba.

Abin da ke aljihuna in zan fita bai da yawa: katin banki ɗaya, ɗayan na bar shi a masauki, 'yan kuɗin hannu da za su isa tasi, a wani aljihu daban, ƙaramin batirin caji, taswirar unguwar da na sauke a waya tun ina da intanet ɗin otal, da katin otal ɗin nan. Sai ƙararrawa da nake saitawa minti arba'in kafin jirgin ƙarshe. Ta taɓa kaɗawa ana tsakiyar kiɗa mai daɗi, mai busa ƙaho ya rufe ido kenan, waya ta yi ta motsi a cinyata. Na jira ya sauke ƙahon, na tafa tare da kowa, na ɗauki rigar sanyina na hau matakala.